Ɗaurin Talalar Kwak da Rijiya Mai Gindi

Duk wanda ya yi kiwon awaki da damina a ƙauyukan gefen Rima ya san ɗaurin talala. Shuka ta tashi, ba a barin dabba ta yi yawo, sai a kafa turke a bakin fadama a sa mata doguwar igiya. Muddin tana kusa da turken ba ta ma san a ɗaure take ba. Ta ci nan, ta juya can, ta kwanta ta yi tuƙa. Sai ta hango ganyen wake a gonar maƙwabci ta doshe shi, a nan igiya ke tuna mata matsayinta.

Ƙananan ƙwayoyin da aka gina jikinmu da su a irin wannan ɗauri suke. In aka bi kowane abu ana rarraba shi, ƙarfe ne ko ruwa ko ƙashin mutum, za a kai ga ƙwayar atam. A tsakiyar atam akwai ɗan ƙullutu na furoton da nutiron, ilektiron na kewaya shi. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa da nasa aikin, suka ce furoton da nutiron su ma ba su ne ƙarshe ba, kowannensu ƙwayoyi uku ne a haɗe. Gell-Mann ya raɗa musu suna kwak. Lissafi ya nuna cajin lantarkin kwak gutsure ne, biyu bisa uku ko ɗaya bisa uku na girman cajin ilektiron, alamar da za ta tona asirinsa nan take in an ci karo da shi. Aka bazama nema. An duba ruwan teku, an duba duwatsun da suka faɗo daga sama, an duba ƙasar da aka ɗebo daga duniyar wata, an tace tarkacen da ke fita daga manyan injinan da ke gwara ƙwayoyi da juna. Shekara sittin ke nan, ko sau ɗaya ba a kama kwak yana yawo shi kaɗai ba.

Kada wani ya ce to ai babu shi ne. Tun 1968, a cibiyar SLAC da ke Kalifoniya, an harbi furoton da ilektiron masu tsananin gudu, yadda suka riƙa karkacewa ya nuna akwai ƙananan abubuwa masu tauri a ciki. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, waɗannan abubuwa suna motsi a cikin furoton sakaka, kamar babu mai riƙe da su. Akuya ce kusa da turke. A 1973 David Gross da Frank Wilczek, da kuma David Politzer a nasa ɓangaren, suka warware rabin kacici-kacicin: a ka'idar da ke bayanin ƙarfin da ke riƙe kwak, wadda ake taƙaita sunanta da QCD, ƙarfin raguwa yake yi idan ƙwayoyin suka matso kusa da juna. An ba su kyautar Nobel kan wannan a 2004. Ɗaya rabin, wato dalilin da ya sa igiyar ba ta barin kwak ya tsere idan ya yi nisa, har yau babu wanda ya tabbatar da shi da alƙalami daga tushen ka'idar.

Bari mu dubi igiyar kanta. Ƙarfin lantarki tsakanin caji biyu bazuwa yake yi ta kowace kusurwa kamar hasken fitila, shi ya sa in ka ninka nisa sai ya ragu zuwa rubu'i. Manzon da ke kai saƙon lantarki, wato ƙwayar haske, shi kansa ba ya ɗauke da caji, don haka manzannin ba su damu da juna ba. Manzannin QCD kuwa, guluwon, iri takwas ne, kuma suna ɗauke da irin cajin da suke kai saƙonsa. Masana sun kira wannan caji launi, iri uku, ko da yake ba ruwansa da launin da ido ke gani. Tunda guluwon na jan 'yan'uwansa, ƙarfin ba ya bazuwa, sai ya murɗe ya zama siririyar igiya tsakanin kwak da kishiyarsa, wato takwararsa mai akasin cajinsa. Kuma jan igiyar ba ya raguwa komai nisa. An ƙiyasta shi daga gwaji da kuma kwamfuta: ya kai nauyin wajen tan 15. Buhun simintin Kalambaina 300 ke nan, kusan rabin lodin tirela, rataye a kan zaren da kaurinsa bai kai faɗin furoton ba. Faɗin furoton kuwa bai kai femtomita biyu ba, kuma sai ka raba milimita ɗaya gida tiriliyan kafin ka sami femtomita guda.

To in aka nace da ja fa? A nan misalin akuya ya ƙare. Akuya in ta tsinke igiya ta tsira. Kwak in ya ja igiyarsa ta wuce femtomita ɗaya da ɗoriya, makamashin da ya taru a jikinta ya isa ya haifar da sabon kwak da sabuwar kishiya daidai inda ta tsinke. Sai ka tashi da igiya biyu, kowace da kawunanta biyu. Je ka kasuwar Kara ka ce a yanko maka igiya mai kai ɗaya, ka ga kallon da za a yi maka. Haka ake gani a injinan gwara ƙwayoyi: inda ake sa ran kwak ya fito, sai feshin wasu ƙwayoyi ya fito a jere, kowace a ɗaure tamau, babu mai nuna launi a fili.

Wannan ɗauri ba ƙaramin abu ba ne a rayuwarmu. Nauyin furoton, a ma'aunin da masana ke amfani da shi, MeV 938 ne. In ka haɗa nauyin kwak ukun da ke cikinsa, da ƙyar su kai 10. Sauran, wajen kashi 99 cikin 100, makamashin ɗaurin ne da na zirga-zirgar da ake yi a cikinsa. In ka hau sikeli a asibiti, galibin abin da allura ke nunawa wannan ne.

Me ya hana a lissafa shi a wuce wurin? Hanyar da masana suka saba bi ita ce ta mai awon hatsi: a fara da buhu, a cika da kwano, a ƙarasa da gwangwani, a watsa ɗan abin da ya rage da tafin hannu. Kowane gyara ya fi na gabansa ƙanƙanta, don haka ana iya tsayawa a ce ya isa. A lantarki wannan na aiki ƙwarai, domin lambar da ke auna ƙarfin hulɗar ƙarama ce, kusan ɗaya bisa 137. A QCD, daidai nisan da ɗaurin ke kamawa, lambar ta kai ɗaya ko ta wuce. Gyara na biyu buhu ne, na uku buhu biyu. Awo ya watse. Kenneth Wilson ya kawo wata dabara a 1974: a yanka sarari gida-gida kamar ramukan dara, a bar kwamfuta ta ƙirga. Daga wajen 1980 aka fara ganin sakamako, kuma yau manyan kwamfutoci na fitar da nauyin furoton kusan daidai da na gwaji, suna kuma nuna igiyar ƙarara. Sai dai kwamfuta “haka ne” take cewa, ba ta cewa “ga dalili”. A shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay a Amurka ta sa dala miliyan ɗaya ga wanda ya kawo cikakkiyar hujja kan wata matsala da ke manne da wannan, a ka'idar da Yang da Mills suka kafa a 1954. Kuɗin na nan ba a karɓa ba.

A nan ne ka'idar tsirkiya ta shigo, kuma tarihinta da wannan matsala tarihin aure ne da saki da kome.

Mutane da yawa sun ɗauka don bayanin sararin samaniya aka ƙirƙiro ta. A'a, a wannan gida aka haife ta. A shekarun 1960 an lura cewa ƙwayoyin da ƙarfin nan ke riƙewa suna jeruwa a sahu: gwargwadon yawan juyin ƙwaya, gwargwadon nauyinta in an ninka shi da kansa, a kan miƙaƙƙen layi. A 1968 Gabriele Veneziano, ɗan Italiya da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, ya rubuta wani lissafi da ya kama wannan tsari. Cikin shekara biyu Yoichiro Nambu da Holger Nielsen da Leonard Susskind suka gane abin da lissafin ke faɗa: ƙwayoyin nan tamkar 'yan guntayen zare ne masu kaɗawa da juyawa. Na zaɓi kalmar tsirkiya ne da gangan. Tsirkiya guda ta molo tana ba da amo iri-iri gwargwadon yadda ta kaɗa. A wannan ka'ida kowane amo ƙwaya ce daban.

Auren bai daɗe ba. Lissafin ya ƙi daidaita sai a duniya mai fuskokin awo 26, ko 10 a gyararren salonsa, alhali tamu huɗu gare ta: tsawo, faɗi, bisa, da lokaci. Ya kuma nace sai da wata ƙwaya marar nauyi mai juyi biyu wadda babu ita a dangin furoton. Ga QCD ta zo a 1973 da nasarorinta, sai aka sallami tsirkiya. A 1974 Joël Scherk da John Schwarz, da Tamiaki Yoneya a Japan, suka lura cewa ƙwayar nan da ake ƙyama tana da duk siffofin manzon girabiti, ƙarfin da ke sa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. (Wasu na ce masa maganaɗisun ƙasa, amma maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa har auduga bai bari ba.) Tsirkiya ta tare a sabon gida, ta zama ka'idar girabiti.

Amma a shekarar dai, Gerard 't Hooft na ƙasar Holan ya bar wata ƙofa a buɗe. Ya ce a ɗauka launukan ba uku ba ne, suna da yawa ƙwarai. Sai ya ga lissafin guluwon ya sauƙaƙa, zane-zanensa sun haɗu sun zama shimfiɗa irin wadda zare ke sharewa in yana tafiya. Ma'ana, akwai ka'idar tsirkiya a ɓoye a cikin QCD. Wace ce ita, a wane sarari take zaune, aka shekara ashirin da uku ba amsa.

Amsar ta biyo ta wata hanya da ba wanda ya zata, ta baƙin rami, wato wurin da girabiti ya yi ƙarfin da ko haske ba ya iya fita daga cikinsa. A farkon shekarun 1970 Jacob Bekenstein da Stephen Hawking sun nuna cewa yawan bayanan da baƙin rami ke iya ɓoyewa ya danganta ne da faɗin fatarsa ta waje, ba da girman cikinsa ba. Kamar a ce yawan geron da rumbu ke ci, da faɗin bangonsa ake auna shi. Daga nan 't Hooft a 1993 da Susskind bayansa suka ce watakila duk inda girabiti yake haka abin yake: abin da ke faruwa a ciki, ana iya rubuta shi kaf a jikin bango. Ɗan tambarin nan mai ƙyalli da ke jikin katin ATM, wanda shafaffe ne amma in ka karkata shi sai ka ga hoto mai zurfi, daga irinsa aka aro wa ra'ayin suna, hologiram. A 1995 Joseph Polchinski ya fito da muhimmancin wasu shimfiɗu da kawunan tsirkiya ke maƙalewa a jikinsu. A watan Nuwamban 1997 Juan Maldacena, ɗan Ajantina, ya tara irin waɗannan shimfiɗu a lissafi, ya dube su ta fuska biyu, ya ce fuskokin nan biyu abu ɗaya suke faɗa. Ta fuska ɗaya, ka'ida ce irin ta guluwon a duniya mai fuskokin awo huɗu, babu girabiti ko kaɗan. Ta ɗayar, ka'idar tsirkiya ce da girabiti a wani lanƙwasasshen sarari mai fuskoki biyar, da ake kira anti-de Sitter, tare da wasu biyar a naɗe kamar ƙwallo waɗanda za mu ajiye gefe. Tsirkiya ta yi kome.

Mu a Sakkwato wannan bai kamata ya ba mu wuya ba. Wasiƙa ɗaya ce, wani ya rubuta da ajami, wani da boko. Haruffa ba su yi kama ba, ɗaya daga dama yake farawa ɗaya daga hagu, amma saƙon bai canza ba. A 1998 Steven Gubser da Igor Klebanov da Alexander Polyakov, da kuma Edward Witten, suka tsara ƙamus ɗin da ake juya wannan zuwa wancan. Ribar ita ce, daidai inda lissafin guluwon ya gagara saboda ƙarfin hulɗa ya yi yawa, a nan ne ɓangaren girabiti ya fi sauƙi, ya koma lissafin Einstein da aka sani tun 1915. Ba a tabbatar da wannan daidaito da hujja irin ta masana lissafi ba, amma an gwada shi ta hanyoyi masu ɗimbin yawa bai faɗi ba.

Fuska ta biyar ɗin nan ita ce zuciyar maganar, kuma na fi fahimtarta da rijiya.

Ka ɗauka duniyarmu ita ce bakin rijiya, fuska ta biyar kuma zurfinta. Kusa da baki, nan ake rubuta abubuwan da ke faruwa a ɗan gajeren nisa da makamashi mai yawa. Can ƙasa, abubuwan dogon nisa da makamashi kaɗan. Rijiyar tsukewa take yi kamar mazurari: nisan da a baki taku ɗari ne, in ka gangara sai ya zama goma, in ka ƙara gangarawa ya zama ɗaya. Wannan aikin girabiti ne, shi ke taɓa awo da lokaci, kuma ba tatsuniya ba ce: agogon taurarin ɗan'adam na GPS yana wuce namu na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, sai an gyara wannan wayarka ke nuna maka unguwar Mabera a inda Mabera take.

Yanzu kafa kwak a wannan gefen bakin rijiya, kishiyarsa a wancan, ka haɗa su da tsirkiya. Maldacena, da kuma Soo-Jong Rey da Jung-Tay Yee, sun yi wannan lissafi a 1998. Tsirkiya ba ta son tsawo, gajeriyar hanya take nema, kuma gajeriyar hanya a irin wannan rijiya ba miƙewa ta sama ba ce. Sai ta lotsa ciki, ta tsallaka ta inda ya tsuke, ta hauro. In ka ƙara raba kawunan, ta ƙara nutsewa inda ya fi tsukewa. Duk nisan da ka ƙara, tana da wurin gudu mai araha a ƙasa. Sakamakon shi ne jan da ke tsakanin kawunan biyu na raguwa da nisa, kamar na lantarki. Ba ɗauri ke nan. Kuma daidai ne, domin ka'idar da Maldacena ya fara da ita ba ta ɗaure komai; ba ta da wani ma'aunin nisa nata na kanta, babba da ƙarami duk ɗaya ne a wurinta.

Ina da kawu a wani ƙauye bayan Dundaye wanda ya yi ƙuruciyarsa yana ginar rijiya, har yau tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Wata rana da bazara na kai masa ziyara, muna zaune ƙarƙashin dogonyaro yara na jan ruwa, ya tambaye ni abin da nake ta karantawa a waya. Na ɗauki tsinke na zana masa mazurarin a ƙasa, na ja layin tsirkiya yana lotsawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna tsinin zanen da ɗan yatsan ƙafarsa.

“Wagga rijiya taku, ina gindinta?”

Na ce, “Babu, Kawu. Haka take tafiya.”

“To mi ka tare guga?”

Tambayar da masana suka yi ke nan a 1998, da nasu harshen. In rijiyar tana da gindi, labari ya canza. Kawunan tsirkiya na kusa da juna, lotsawarta ba ta kai ƙasa ba, ba ta san da gindin ba: akuya kusa da turke. Ka ci gaba da raba su, sai cikinta ya taɓa ƙasa. Daga nan babu sauran wurin gudu. Ta sauka ta wannan gefe, ta kwanta a gindin rijiya, ta hau ta wancan. Duk taku ɗaya da ka ƙara a sama, sai ta ƙara tsawo daidai gwargwado a ƙasa, a kan farashi ɗaya da ba ya sauka. Makamashi na hawa a miƙe da nisa, ja ba ya raguwa. Igiyar nan mai tan 15 ke nan, an same ta daga siffar sarari kawai. Abin da ya gagari awon buhu da kwano ya koma tambayar da ɗalibin lissafi zai iya amsawa: wace ce gajeriyar hanya tsakanin wuri biyu?

Witten ne ya fara gina irin wannan rijiya daga ainihin ka'idar tsirkiya, a 1998. Ya ƙara wata fuska a naɗe kamar zobe, wadda ke ƙanƙancewa in ana gangarawa har ta rufe sumul a wani zurfi, kamar gindin tulu. Sarari ya ƙare a nan, alhali fuskokin da ake raba kwak a cikinsu ba su gama tsukewa ba. A 2000 wasu suka biyo baya da nasu ginin: Klebanov da Matthew Strassler, Maldacena da Carlos Núñez, Polchinski da Strassler. A ƙarshen 2004 Tadakatsu Sakai da Shigeki Sugimoto suka sa wa ginin Witten kwak masu sauƙin nauyi, ya ƙara kama da duniyarmu.

Gindin ya zo da wata kyauta. Leƙa rijiya ka yi magana, za ka ji ta amsa da wani amo nata, domin iskar da ke tsare tsakanin baki da ruwa ba kowane amo take ɗauka ba, kuma akwai mafi kauri wanda ba a sauka ƙasa da shi. Haka kaɗawar girabiti ke yi a rijiya mai gindi. In an juya da ƙamus, kowane amo ƙwaya ce mai nauyi, dunƙulen guluwon zalla, kuma mafi sauƙinsu ma yana da nauyi. Wannan giɓi tsakanin babu da ƙwaya mafi sauƙi shi ne abin da Cibiyar Clay ke neman a tabbatar. A rijiya marar gindi babu shi.

Sai zafi. Mu da muke ganin digiri 43 a watan Afrilu muna cewa gari ya ƙone, to akwai zafin da ke kwance ɗaurin kwak, kusan digiri tiriliyan biyu. A harshen girabiti, zafi baƙin rami ne a cikin rijiyar, kuma gwargwadon zafin, gwargwadon yadda bakinsa ke haurowa sama. Hawking da Don Page sun nuna tun 1983 cewa a irin wannan sarari akwai zafin da in an kai shi, sarari mai baƙin rami ke rinjayar marar shi. Witten ya ce wannan sauyi shi ne kwancewar ɗauri. Dubi tsirkiyarmu: ta lotsa, maimakon ta tarar da gindi sai ta tarar da bakin rami. Cikinta ya faɗa, ta zama zare biyu, kowane na reto daga nasa kwak. Ja wannan, wancan bai ji ba.

An dafa irin wannan miya a duniya. Injin RHIC na Brookhaven a jihar Niyok ya fara gwara ƙullutun zinariya a 2000, kuma a 2005 masu aikin suka sanar cewa abin da ke fitowa ba iska ba ce kamar yadda aka zata, ruwa ne mai tsananin tsinkewa. Kafin nan, a 2001, Giuseppe Policastro da Dam Thanh Son da Andrei Starinets sun lissafa kaurin irin wannan ruwa ta hanyar baƙin rami, suka sami wata 'yar ƙaramar lamba, wadda a ma'aunin masana ake rubuta ta ɗaya bisa pai huɗu (pai ita ce lambar nan 3.14 ta lissafin da'ira), wajen 0.08. Abin da aka ciro daga gwaji bai yi nisa da ita ba, alhali tsohuwar hanyar awo ta ba da lamba mai girma sosai. A ganina wannan ce babbar nasarar hanyar zuwa yau.

Sai dai rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Duk gine-ginen nan ba QCD ba ne, 'yan'uwanta ne na nesa da na kusa. Lissafin girabiti yana sauƙi ne in launuka na da yawa ƙwarai, namu kuwa uku ne. Abin da ke kwantar da hankali kawai shi ne kwamfuta ta nuna cewa a abubuwa da dama uku ba ta yi nisa da “masu yawa” ba. Matsala ta biyu ta fi tsanani. A ginin Witten, zoben nan da aka ƙara yana zuwa da nasa ƙwayoyin da babu su a duniyarmu, kuma nauyinsu daidai da na waɗanda muke nema. In ka ce za ka ƙanƙance zoben don baƙin su tafi, sai sararin ya lanƙwashe ƙwarai, lissafin Einstein ya daina aiki, a koma buƙatar cikakkiyar ka'idar tsirkiya a wurin da ba wanda ya iya warware ta. 'Yancin da kwak ke samu in sun matso kusa, wanda aka ba da Nobel a kansa, shi ma a wannan yanki mai wuya yake. Hatta kwancewar ɗauri da zafi, a waɗannan gine-gine farat ɗaya take faruwa kamar tafasar ruwa, alhali kwamfuta ta nuna a 2006 cewa a QCD ta gaskiya a hankali ake zamewa daga wannan hali zuwa wancan. Shi ya sa nake jin haushi in na ga an rubuta cewa ka'idar tsirkiya ta warware matsalar ɗaurin kwak. Abin da ta yi shi ne ta ba mu ka'idoji masu ɗauri waɗanda za mu iya buɗe cikinsu mu ga yadda ɗaurin ke aiki, kuma kafin 1998 ba mu da irin wannan hoto.

Wasu masanan suka ce tunda haka ne, a bar jiran ka'idar tsirkiya ta ba da rijiya, a gina ta da hannu. A 2005 Joshua Erlich da Emanuel Katz da Son da Mikhail Stephanov suka ɗauki mazurarin Maldacena suka datse shi da bango a wani zurfi. Shekara guda bayan haka aka fito da salo mai gindi mai laushi, domin na farkon ya kasa fitar da miƙaƙƙen sahun nan na shekarun 1960.

Da na kai nan a bayani, Kawu ya tambayi abin da duk mai ginar rijiya zai tambaya: gaba nawa ce? Na ce masa a ginin 2005 zurfin wajen femtomita 0.6 ne, kuma ba lissafi ne ya ba da shi ba, an zaɓe shi ne don nauyin wata ƙwaya mai suna ro ya fito daidai da MeV 776 da aka auna.

Ya yi dariya har da buga cinya. “Ashe ku kun ka aza gindin da hannunku.”

Haka ne, mu muka aza. Ita ma QCD sai an ɗauko mata ma'auninta daga gwaji kafin ta fara magana. Lambobi uku masu ginin suka ɗauko daga waje, sannan suka bar rijiyar ta faɗi sauran da kanta. Ga ƙwayar da ake kira a1 ta ce MeV 1363, gwaji ya ce wajen 1230. Ga ƙarfin da ro ke rabewa da shi zuwa wasu ƙwayoyi biyu masu suna fayon ta ce kusan 4.5, gwaji ya ce 6.